Mai kwalba ba radiyeshin yake tsoro ba, awo yake tsoro

Wai har yanzu bidiyon nan ake yaɗawa? Na ɗauka zai yi kwana biyu ya mutu kamar sauran, sai ga shi yau ma an turo min, har an ɗora masa "ku yaɗa domin ceton rayuka". Ceton rayuka! Mutum ya zauna gaban kyamara, ya rataya abin aunin bugun zuciya a wuya kamar wanda zai shiga tiyata, yana gaya wa mata cewa injin mamogiram, wato na ɗaukar hoton nono a asibiti, yana matse nono ya fasa ƙari ya watsa shi cikin jini, kuma wai hasken hoton CT, injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, shi ke haifar da kansar da likitoci ke cewa sun gano. Kun gani, ba sai na maimaita muku ba. Kun kuma ga kwalbar maganin da ya ɗaga a minti na ƙarshe da lambar wayar da ke gudu a ƙasan allo.

Ni dai hukunci ɗaya na yanke, kuma ba zan sassauta ba: mutumin nan ba radiyeshin, wato hasken da injin hoto ke ratsa jiki da shi, yake tsoro ba. Hoton yake tsoro, domin hoto awo ne.

A ɗakin hoton asibiti nake aiki, don haka bari in faɗa muku abin da ake yi a can, tunda shi bai faɗa ba. Idan an fara wa mai kansa magani, kemo ne, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ko gashi da radiyeshin, ko waɗannan sababbin allurai, ba a tambayarsa "ya jikin?" a rufe fayil. A kan ɗauki hoto kafin a fara, likitan hoto ya zauna gaban allo ya ja layi daga wannan bakin ƙarin zuwa wancan, kwamfuta ta ba shi tsawon da milimita. Bayan wasu makonni a sake ɗauka, a sake jan layin a daidai wurin. Akwai ƙa'idar da masu bincike suka amince da ita tun shekarar 2000, suka gyara ta a 2009, ana kiranta RECIST. Idan jimillar tsawon ƙarin da ake bibiya ta ragu da kashi 30 cikin 100, a ce maganin ya fara aiki. Idan ta ƙaru da kashi 20, ko wani sabon ƙari ya ɓullo a wani wuri, a ce cutar ta ci gaba, a sauya dabara. Shi ke nan. Babu sani, babu sabo. Manyan kamfanonin magani da suka zuba dukiya mai yawa sun sha ganin maganinsu ya faɗi a wannan jarrabawar, dole suka haƙura. To Malam, kawo kwalbarka. A ɗauki hoto yau, a sha abin naka wata uku, a sake ɗauka. Me ya fi wannan sauƙi? Amma ina, gara ka hana mutane shiga ɗakin tun farko, sai shaidarka ta zama "na ji sauƙi" kawai, wadda ba mai iya ƙaryata ta sai ranar da aka kwantar da mutum.

Sai ku ji wani a ƙarƙashin bidiyon yana cewa: "Ai gaskiya ne, 'yar'uwata lafiyarta lau, tana yin hoton nan aka ce kansa ce." Allah ya ba ta lafiya. Amma ɗan'uwa, ka kunna fitila a ɗaki ka ga maciji, sai ka ce fitilar ce ta kawo shi? Ƙarin da injin ya iya gani ya daɗe yana girma a ɓoye kafin ranar. Amfanin mamogiram kenan ma, ya gan shi tun hannu bai iya jinsa ba, wani lokaci ma ba ƙarin yake gani ba, wasu 'yan ɗige-ɗigen fari ne ƙanana kamar ƙura. Matsewar da ake ta kuka da ita kuwa, ta 'yan daƙiƙoƙi ce, ana yin ta don naman ya baje a ga abin da ke tsakaninsa, kuma don a rage yawan hasken da ake buƙata. Akwai zafi, ban musa ba, na ga mata suna cije leɓe. Amma babu binciken da ya nuna tana watsa kansa.

Yanzu maganar radiyeshin, tunda ita ce kalmar da yake jan ta da murya kamar sunan aljani. Ana auna ta da wani ma'auni mai suna milisibat. Kai da kake karanta wannan, ko ba ka taɓa taka ƙofar asibiti ba, jikinka yana karɓar kusan 2.4 a kowace shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, wannan shi ne matsakaicin duniya. Eksiren ƙirji kusan 0.1 ne, wato abin da kake sha a zaune cikin mako biyu. Mamogiram kusan 0.4, kamar na wata biyu. CT na ƙirji ya fi su nauyi sosai, yana kai 7, shi ya sa ba a yin sa don nishaɗi, kuma shi ya sa ake taka-tsantsan da shi a kan yara. MRI fa, shi ma injin ɗaukar hoton cikin jiki? Babu irin wannan hasken a cikinsa ko ɗigo, maganaɗisu ne da igiyar rediyo. Sikanin da ake shafa wa mutum ruwa mai sanyi a ciki a goga, sauti ne. Amma mutuminku duk ya tattara su ya zuba a buhu ɗaya, saboda bai san bambancinsu ba, ko ya sani ya fi son ku kada ku sani.

Kuma gano cutar ma shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne sanin inda ta kai. Kalmar "kansa" ita kaɗai ba ta gaya wa likita abin da zai yi. Tun shekarun 1940 wani likitan tiyata Bafaranshe, Pierre Denoix, ya tsara tambayoyi uku da har yau ake aiki da su: yaya girman ƙarin, ya shiga kaluluwar da ke kusa da shi, kuma ya yi ƙaura zuwa hanta ko huhu ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa? Daga amsar ne ake cewa mataki na ɗaya ko na huɗu. Daga matakin ne ake yanke ko tiyata za a yi, ko kemo za a fara, ko kuwa yanka ba zai amfana komai ba sai ƙarin wahala. A alkaluman Amurka, matan da aka gano musu sankarar mama tana nan a nono ba ta fita ba, kusan 99 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda ta riga ta kai sassa masu nisa, kusan 30 ne cikin 100. Tsakanin 99 da 30, lokaci ne, kuma shi wannan lokacin ne bidiyon yake sace wa mutane. Ta yaya za ka san amsar waɗannan tambayoyi uku ba tare da hoto ba? Da duban ido? Da taɓa hannu? Ko kwalbar ce ke faɗa?

Wani abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake wulaƙanta wahalar mutane. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano eksire a Jamus a 1895 ya ɗauki hoton hannun matarsa da zobenta, ake ta fama. A 1971 aka fara saka mara lafiya cikin injin CT na Godfrey Hounsfield a wani asibitin Landan, aka ga abin da ke cikin kwanyar mutum ba a fasa ta ba. Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka sami kyautar Nobel a 2003 saboda MRI. Hoton PET kuwa, wanda ni ya fi burge ni, ya samo tushe daga abin da Otto Warburg ya lura da shi tun shekarun 1920, cewa ƙwayoyin kansa suna da haɗamar sukari. Sai aka ce to, mu yi musu tarko da haɗamarsu. Mara lafiya ya zo bai ci komai ba na wasu sa'o'i, a yi masa allurar wani irin sukari mai alama, a kwantar da shi kusan awa guda a ce kada ya yi surutu kada ya yi ta motsi, don naman jiki mai aiki shi ma yana jan sukarin ya ɓata hoton. Idan aka ɗauka, duk inda ƙwayoyin nan suka taru sai ka ga wurin yana haske a allo. Alamar da ke jikin sukarin kuma ba ta zama, duk minti 110 rabinta ke gushewa, kafin gobe kusan babu ita. Shekara fiye da ɗari ana wannan aiki, sai wani ya share shi da bidiyon minti huɗu.

Na san masu "amma" suna nan tafe. Amma ai hoto yana kuskure. Amma ai ana gano abin da ba zai kashe mutum ba a yanka shi a banza. E, na sani. A Koriya ta Kudu da aka dinga yi wa masu lafiya sikanin maƙoshi, yawan kansar tayirod, wani ɗan sashe da ke gaban wuya, da ake ganowa ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma yawan masu mutuwa da ita bai sauya ba. An cire wa mutane da yawa abin da da an bar shi ba zai taɓa damunsu ba. A 2012 kuma wani bincike a Birtaniya ya nuna yawan yi wa yara CT yana ɗan ƙara musu haɗarin kansar jini da ta ƙwaƙwalwa. To wa ya gano duk wannan? Mai kwalba? Masu binciken ne da kansu suka ƙirga, suka buga, suka ce mun yi yawa a nan, a rage. Wannan shi ne bambancin mai awo da mai surutu. Shi ya sa ba kowa ake cewa ya je ya yi hoton jiki gaba ɗaya ba, kuma shi ya sa hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi ɗan nama an duba a madubin likita. Don haka ku riƙe "amma" ɗinku, ba ta wanke bidiyon ba.

Ga kuma inda aka auna aka ga riba. A Amurka an gwada mutum fiye da 53,000 masu tarihin shan taba sosai, sakamakon ya fito a 2011: waɗanda aka dinga yi wa CT mai ƙaramin haske, mutuwarsu da kansar huhu ta ragu da kashi 20 idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa eksire kawai. A Ostireliya a 2020 an gwada wani sabon hoton PET a kan maza masu kansar furostet, wani ɗan sashe da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya gano inda cutar ta kai daidai da kashi 92, tsohuwar hanyar CT da hoton ƙashi kuwa kashi 65. A Suwidin an saka mata kusan 80,000 a gwaji, inda ƙirƙirarriyar basira ke taya likitoci karanta mamogiram, rahoton 2023 ya nuna an gano kansa fiye da da, kuma aikin karatun ya ragu da kashi 44. Kowanne da adadinsa, kowanne da shekararsa, kowa na iya zuwa ya duba ya yi musu. Kwalba fa, ina nata adadin?

Bari in ajiye gatse. A 2022 kusan mutum miliyan 20 aka gano suna da kansa a duniya, miliyan 9.7 suka rasu. Ainihin matsalar yawancin mutanen duniya ita ce babu injin kusa da su, ko yana nan ya lalace, ko babu mai karanta hoton. Wannan ne abin kuka. Mace ta ji ƙululu a nono, ta kwana tana juyi, ta tattara ƙarfin hali za ta je asibiti, sai wata mai ƙaunarta ta turo mata bidiyon nan da kyakkyawar niyya, sai ta fasa. Irinsu muke gani daga baya, an turo su a keken marasa lafiya, a ɗauki hoton da suka guda, amma yanzu tambayar da ake yi masa ta sauya. 'Yar'uwa, idan ke ce, ki je. Ki ji tsoron, ba laifi, amma ki je da tsoron naki. Ki tambayi likita me ya sa wannan hoton, me zai sauya a maganin, akwai wanda ba shi da radiyeshin da zai wadatar? Haƙƙinki ne. Idan kina da ciki ko kina zaton haka, ki faɗa kafin a kunna komai.

Tunda na fara, bari in sauke wani abu daban da ya daɗe yana cina. Ku masu ɗaga fim ɗin hoto a jikin taga ku ɗauka da waya ku turo min cikin dare kuna cewa "duba min", don Allah ku bari. CT ɗaya yanka-yanka ne ɗaruruwa, ku kun turo min guda, a karkace, da yatsanku a gefe da labule a baya. Ku adana faifan da aka ba ku, ku zo da tsofaffin hotuna duk lokacin da za a yi sabo, ko da na wani asibitin ne, don da su ake kwatantawa. Kuma idan an tambaye ku ko akwai ƙarfe a jikinku kafin MRI, ku daina cewa babu don kuna sauri. Maganaɗisun nan ba a kashe shi ko da injin ba ya aiki, kuma ba ruwansa da ko makulli ne a aljihu ko na'urar bugun zuciya ce a ƙirji.