Zakaran duniya ya ɗauko wa wani ruwa, kai kuma ka ce ba boyi ba ne kai

Jiya da la'asar na kai babur gyara, sai na ga abin da ya hana ni barci. Maigidan garejin, dattijo mai furfura, ya ce wa wani yaronsa ya je ya sayo wa baƙi ruwa. Yaron nan da bai cika wata huɗu a wurin ba ya jefar da sifana, ya ce shi gyara ya zo koyo, shi ba boyin kowa ba ne. Ya kaɗe wandonsa ya tafi. Dattijon bai ce uffan ba, ya tashi da kansa ya sayo ruwan.

Ƙannena, girman kai rawanin tsiya ne. Tunda kuna son wasanni, bari in ba ku labarin wani ɗan tseren keke na ƙasar Poland, Michał Kwiatkowski. An haife shi a 1990, ya tashi a yankin Toruń. A 2008 ya zama zakaran duniya na matasa a tseren da ake auna lokacin kowa shi kaɗai. A watan Satumba na 2014, a gasar zakaran duniya ta ƙwararru a garin Ponferrada na Sifen, ya kufce wa manyan duniya saura kilomita kamar bakwai a gama tseren da ya haura kilomita 250, kuma ba su sake kama shi ba. Yana da shekara 24, shi ne ɗan Poland na farko da ya ci wannan kambu na ƙwararru.

To me ya yi bayan nan? A 2016 ya koma ƙungiyar Sky, inda Chris Froome ne jagora. A tseren keke akwai masu hidima: su ne ke komawa baya wurin mota su cika riga da gorunan ruwa su kawo wa 'yan'uwansu, su ne ke shiga gaba iska ta dake su don jagora ya adana ƙarfinsa. Wannan aikin Kwiatkowski ya karɓa. A watan Maris na 2017 ya doke Peter Sagan, zakaran duniya na lokacin, ya ci babban tseren Italiya na Milan-San Remo, amma a Yulin shekarar, a gasar Tour de France, babban tseren Faransa da ake yin mako uku ana fafatawa, da ƙafar keken Froome ta baya ta lalace, shi ne ya tsaya ya cire tasa ya ba shi. A hawan dutsen Izoard ya ja tawaga har ƙarfinsa ya ƙare, kekensa ya kusa tsayawa cak a kan hanya. Froome ya ɗauki kofi, duniya ta tafa wa Froome.

Zakaran duniya fa! Ya ba wani ƙafar kekensa a gaban kyamara. Kai kuma da ba ka iya kwance filogi ba, ledar ruwa ta fi ƙarfin darajarka? Wace daraja? Wa ya ba ka ita?

Abin nan ya zama ruwan dare. Ɗan koyon ɗinki ba zai share shago ba. Yaron kanti ba zai ɗauki buhu ba, wai 'yan mata za su gan shi. Amma a tura shi shagon caca ya zuba kuɗin uwarsa a kan ƙwallon Ingila, da gudu zai je, ba ya jin kunya. Ya kwana yana latsa waya yana kallon masu ƙaryar arziki, gari ya waye yana jin ya fi maigidansa. Wallahi abin yana ƙona mini rai, don ina ƙaunarku nake faɗa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma da rarrafe yaro kan tashi.

Kwiatkowski sai da ya kai 2020 kafin ya ci rana ɗaya tasa a Tour de France, suka tsallake layi shi da abokinsa Richard Carapaz rungume da juna. Ya sake ci a 2023 a saman dutsen Grand Colombier. A shekarun da ke tsakani, yawancin aikinsa a Tour de France hidima ce. Ku rage wannan kumburi, ku saukar da kai, ku ji maganar na gaba.

Mu da muka tashi, yaro kan yi shekara yana wanke kayan aiki kafin a bar shi ya taɓa inji, kuma iyayensa har godiya suke zuwa yi wa maigida. Idan ya yi fushi ya dawo gida, ubansa ne zai riƙo hannunsa ya mayar da shi. Yanzu uwa ce za ta kira maigida a waya ta tambayi dalilin da ya sa aka aiki ɗanta. Dattijon jiya ya gaya mini wannan ne yaro na uku da ya tafi a bana, kuma har na bar garejin sifanar tana nan yashe a ƙasa.