Bashin Anchor Borrowers: A Fara Karɓowa Daga Manya

A watan Nuwamban 2015 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a jihar Kebbi, kuma zuwa farkon 2023 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya riga ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya. A lokacin, ana ba manomi iri da taki da maganin feshi, wani lokaci har da injin ban ruwa, idan kaka ta yi ya biya da shanshera ko da kuɗi. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka maido, bankin kuwa ya musanta, ya ce an maido kusan kashi 52. Ko lissafin bankin muka bi, ɗaruruwan biliyoyi ba su dawo ba.

Wajibi ne a karɓo kuɗin, domin na jama'a ne. Fargabata ita ce wanda za a fara damƙa, don a ƙasar nan igiya ta saba tsinkewa a inda ba ta da ƙarfi.

Na taɓa tsayawa a wani wurin rabon kaya, damina ta riga ta yi nisa, na ga dattijo ya dangwala yatsa a takarda ya karɓi buhunan taki, bai ma bar harabar ba wani ɗan kasuwa ya saye su ya loda a mota. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Ɗana, shuka ta wuce lokacin taki, me zan yi da shi?" A layin nan kuma akwai masu tafin hannu sumul, waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba. Waɗannan manoman bogi ba su shiga rajista da kansu ba. Akwai wanda ya rubuta sunayensu, akwai jami'in da ya tantance gonar da babu ita, akwai kuma bankin da kuɗin ya bi ta cikinsa. Idan aka haɗa su a jaka ɗaya da manomin da ambaliyar 2020 ta shanye shinkafarsa a fadamun Kebbi, ko wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zamfara, an yi zalunci.

Ba na wanke ƙananan manoma baki ɗaya, domin da yawa sun girbe sun sayar, suka ce ai rabonsu ne daga arzikin ƙasa. Su ma su biya, ko da kaɗan kaɗan ne bayan kowace kaka.

Cutar dai tsohuwa ce. Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan noma, ya sha faɗin cewa kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin gwamnati ke isa hannunsu, shi ya sa a 2012 aka koma aika wa manomi saƙon karɓar taki ta wayarsa. Yau bin sawun ya fi sauƙi, tunda an buƙaci lambar BVN a shirin Anchor Borrowers. Ya kamata Babban Banki ya wallafa sunayen kamfanoni da ƙungiyoyin da suka karɓi manyan kuɗi, da abin da kowa ya maido, sannan EFCC ta fara daga saman jerin, kotu ta ƙwace kadarorin duk wanda aka samu ya karkatar da kuɗin noma zuwa wata harka.