Kyankyason banɗaki ba abincin ƙadangare mai gemu ba ne

Wasu masu kiwon ƙadangaren Ostiraliya mai gemu a Kano na cewa kyankyaso ai kyankyaso ne, me zai sa a saya alhali ga su fal a bayan gida? Wanda ke yawo cikin kwata yana kwasar ƙwayoyin cuta da tsutsar ciki, wataƙila ma ya bi ta inda aka fesa fiya-fiya. Duk abin da ke cikinsa, cikin ƙadangaren zai koma.

Kyankyason da ake kiwatawa don ciyar da ƙadangaren daban ne, ana ce masa Dubia, asalinsa Kudancin Amurka. Ba ya iya hawa roba mai santsi, don haka babbar roba mai murfin raga ta isa, a jera kiret ɗin ƙwai a tsaye. Macen kuwa haihuwa take yi, ba ta zubar da ƙwai.

A ba su dusa, da karas ko kabewa irin na kasuwar 'Yankaba, a kwashe saura kafin ya yi fumfuna. Zafin bazara a kai su inuwa, lokacin hunturu kuma haihuwa na ja baya sai an ɗumama musu. Kafin a miƙa wa ƙadangaren, a barbaɗa musu garin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.