Cikin duniya ba holoko ba ne

Jama'a, maganar nan ta cewa cikin duniya kogo ne, har da wata rana ta daban da wasu halittu a ciki, ta sake yawo. Ni dai a ganina da awo ya kamata a amsa ta, domin awo ya daɗe da raba gardamar.

Wanda ya kawo ta a ilimance ba ƙaramin mutum ba ne. A 1692 Edmond Halley, masanin taurari na Ingila, ya ce ƙasa ɓawo ce a cikin ɓawo da fili a tsakani, don ya bayyana dalilin da allurar kamfas ke sauya inda take nunawa sannu a hankali. Yana da uzuri, don a lokacin ba a auna nauyin duniya ba. A 1798 Henry Cavendish, masanin kimiyya na Ingila, ya auna, kuma abin da ya samu ya yi kusa da na yau: duniya ta ninka ruwa mai girmanta nauyi sau 5.5. Duwatsun da muke takawa kuwa sau 2.7 zuwa 3 ne kawai. Da akwai fili a ciki, da adadin ya faɗo ƙasa da 3. Tunda ya haura, abin da ke ciki ya fi dutse nauyi.

Yadda duniyoyi ke samuwa ma bai bar wa kogo wuri ba. Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, gajimaren iskar gas da ƙura ya tattaru, rana ta kama a tsakiya, ragowar ya zama faifai yana kewaya ta. Ƙura ta manne da ƙura ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu masu faɗin kilomitoci, manya suka riƙa janyo ƙanana. Daga ciki ake tarawa zuwa waje, babu matakin da ɓawo ke riga ciki samuwa. Zafin karo da na sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, irin aluminiyam-26, ya narkar da jikin, ƙarfe da nikel suka nutse tsakiya, dutse mara nauyi ya taso sama. A 2014 na'urar hangen nesa ta ALMA da ke Chile ta ɗauki hoton irin wannan faifai a kewayen tauraron HL Tauri.

Masu cewa juyawar duniya ce ta watso kayan waje ta bar fili su duba lissafi: ko a tsakiyar ƙugun duniya, inda juyawar ta fi sauri, ƙarfin watsawar kusan kashi 1 cikin 300 ne kawai na ƙarfin janyowa. Kuma dutse yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mimas, wani watan duniyar Saturn mai faɗin kilomita 400 kacal, nauyin kansa ya riga ya dunƙule shi. To ina ga ƙasa, wadda matsin cibiyarta ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau miliyan 3.6? Ƙananan duwatsun sama irin su Mathilde, mai faɗin kilomita 50, su ne ke da gurabe a ciki, su ma tsakanin ɓaraguzai ne.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce girgizar ƙasa. Kamar mai ƙwanƙwasa kankana ya san cikinta, haka masana ke sauraron igiyoyin girgiza idan sun ratsa duniya. Igiyoyin iri biyu ne: ɗaya yana bi ta dutse da ruwa, ɗayan ba ya ratsa abin da ya narke. Da wannan Beno Gutenberg, masanin girgizar ƙasa ɗan Jamus, ya gano narkakken ƙarfe yana farawa a zurfin kilomita 2,900, sannan a 1936 Inge Lehmann 'yar Denmark ta gano dunƙulen cibiya a can ciki, wadda a yau aka san tana farawa a wajen kilomita 5,150.

Sai batun da ake yawan jawowa, cewa wata ya yi amo kamar ƙararrawa, wai alamar shi ma holoko ne. Gaskiya ne a 1969 'yan sama jannatin Amurka na Apollo 12 sun jefa wani ɓangaren kumbonsu a kan wata, girgizar ta kusa awa guda ba ta lafa ba. Dalilin shi ne dutsen wata busasshe ne ƙayau, ga tsage-tsage, babu danshin da ke shanye girgiza kamar a nan ƙasa. Wata ya ninka ruwa nauyi sau 3.3, daidai da dutse cikakke, kuma na'urorin auna girgiza da 'yan Apollo suka bari a can ne daga baya aka yi amfani da bayanansu aka gano ƙaramar cibiyarsa ta ƙarfe.