Duba-gari sai karɓar kuɗin rasit, bola kuma ta kusa cinye mana unguwa

Wai don Allah jama'ar Bauchi ina tambaya, yaushe rabon da ku ga duba-gari ya shigo layinku don ya duba wani abu ba don ya karɓi wani abu ba? Kuma kar wani ya ce min ai yanzu babu su. Akwai su mana, suna nan a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da ofis ɗinsu da kakinsu da ogansu. Je ka tambayi mai shayi ko mai tuwo-tuwo ko mai gidan burodi, zai faɗa maka ranar da suke zuwa don ba sa fashi. Rasit a hannu, biro a kunne, a karɓa a ƙara gaba. Ko leƙa bayan rumfa ba a yi, ballantana a ga kalar ruwan da ake ɗauraye kwanuka da shi tun safe.

Ni kam abin da ya kawo ni wuya shi ne bolar layinmu. Wani fili ne da ba a gina ba, tsakanin makarantar allo da inda mata ke suyar awara da yamma. Da ɗan juji ne, yanzu ya fi katangar gidan da ke kusa da shi tsawo, ya tumbatso ya rufe lambatu ruf. Leda, famfas ɗin yara, mushen kaji, ɓawon kankana, tsumman katifa, har da kwalaben allura da ban san daga wane kemis ake kawowa ba, yara na tonowa suna wasa da su. Da rani a cinna masa wuta hayaƙin roba ya kwana a ɗakunanmu, masu asma su kwana zaune. Da damina kuwa ba a magana, ana ruwan minti ashirin lambatu zai ƙi karɓa, baƙin ruwan nan ya juyo ya bi layi ya shiga zaure ya shiga tsakar gida, mata na tarewa da buhun yashi da tsohon zani, kuma hanyar da yake bi sai ya wuce ta bakin rijiyar masallaci. Wannan rijiyar ita 'yan ga-ruwa ke ja duk ranar da famfo bai zo ba, kuma kowa ya san ranakun da famfo bai zo ba sun fi ranakun da ya zo yawa. Jarkar da ka saya da kuɗinka ka zuba a randa, daga nan take.

Kamar wannan bai isa ba sai wani bawan Allah ya gina gidan haya ya haƙa masai a jikin katanga, taku kaɗan tsakaninsa da rijiyar. Ƙa'idar da masana lafiya suka sa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, saboda ƙasa tana tsotsa, abin da ke cikin wannan rami yana tsiyaya ya tarar da ruwan wancan, ba sai ido ya gani ba. Ruwan zai fito fari tas kuma da cuta a ciki. To wa ya kamata ya zo tun ana haƙa ya ce malam dakata, nan bai yi ba? Wa doka ta ba ikon shiga gida ya duba, ya rubuta takardar gargaɗi, ya ba da wa'adi, in an ƙi ya kai kotu? Duba-gari ne. Ba liman ba, ba mai unguwa ba, ba ni da nake maƙwabci ba da in na yi magana za a ce hassada nake yi don ya gina gida.

Mun je sakatariya da mai unguwa da dattawa. Wallahi tsohon nan har da babbar rigarsa ya sa, ya shiga yana ranka ya daɗe ranka ya daɗe ga yaron da ya haifi kamarsa. Aka ce oga ya tafi taron bita. Da muka koma aka ce ku rubuto a rubuce. Muka rubuta, aka buga hatimi aka jefa a fayil. Da muka sake komawa sai labari ya canza, wai tifa ta lalace, wai ko da tana da lafiya babu mai, wai kuma asali ma kwashe bola irin wannan aikin hukumar jiha ne. Ka je can su ce maka ai wannan cikin unguwa ne, na ƙaramar hukuma ne, su manyan tituna suka sani. Daga ƙarshe wani ya ja mu gefe a baranda ya ce Baba in kuna so a yi abin nan da wuri ku haɗa kuɗin mai da na lebura da ɗan abin shan ruwa. Kun ji fa. Mu biya haraji, 'yan kasuwarmu su biya rasit, sannan mu yi karo-karo mu sa wa motar gwamnati mai.

Kuma don kar a riƙa yi mana wasa da hankali, wannan batu na aikin waye ba a duhu yake ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, kuma a ciki akwai kwashe shara da ƙazantar masai, akwai samar da banɗakunan jama'a da kula da su, akwai mayanka da kasuwanni da tashoshin mota, akwai sa ido kan gidajen abinci da gidajen burodi, har maƙabarta. Abin haushin shi ne duk inda akwai karɓar kuɗi a jerin nan ba a taɓa mantawa da shi ba, ba ka taɓa jin an ce rasit ɗin kasuwa aikin jiha ne ku je can. Sai in an zo wurin kashewa ne kowa zai tuna ba hurumin shi ba ne. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muka yi ta murna a Facebook kamar an yi mana bushara. Ko kuɗin na zuwa kai tsaye ko suna biyawa ta wani wuri, wannan rigimar manya ce, mu dai a layinmu ko cebur ɗaya ba mu gani ba.

Gaskiya ɗaya ce, ban ga laifin ƙananan ma'aikatan sosai ba. Akwai wani matashi a cikinsu, da ganin yadda yake magana ka san ya san aikinsa, shi ne ma ya biyo mu daga baya a kan acaɓa da kuɗin aljihunsa ya duba rijiyar, yana ganin masan nan ya kama kai. Ya ce Alhaji wannan ruwan ko alwala ina jin tsoron a kuskure baki da shi. Muka ce to rubuta mana takarda. Ya ce zai rubuta, amma mu sani ofis ɗinsu babu kilorin, babu injin feshi mai aiki, babu safar hannu, babu abin gwada ruwa, babu babur, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, kuma in ya kai wa mai gidan hayar takarda kafin ya dawo ofis an riga an bugo waya daga sama an ce ya bar maganar. To mutum irin wannan me kake so ya yi? An ɗauke shi aikin kare lafiya an mayar da shi ɗan karɓar haraji. Alhali aikin nan sana'a ce mai lasisi, tun 2002 aka yi dokar da ta kafa hukumar yi musu rajista a ƙasa baki ɗaya, kuma ga makarantar koyon aikin lafiya ta Ningi nan tana yaye yara, da yawansu suna zaune bakin titi suna POS da cajin waya.

Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e. Ana cewa ga shi nan tafe unguwa za ta ruɗe, mata na shara, ana wanke randa, ana rufe bakin masai. Zai shigo har tsakar gida ya sa ludayi a randa ya ɗaga ya duba, in ya ga tsutsar sauro to maigida sai gaban alƙali. Ba na cewa komai na lokacin daidai ne, an yi zalunci an ci zarafin mutane, amma dai mutumin yana shigowa, kuma abin da ya kawo shi randar ce.

Yanzu abin da ya rage mana shi ne sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, gadon zamanin WAI, wato shirin yaƙi da rashin ɗa'a, na Buhari da Idiagbon a 1984 zuwa 1985. A tare hanya, a hana mai neman abinci fita, a kama ɗan acaɓa a ci shi tara. Matasa su fito da cebur da manjagara su yashe lambatu su tara laka da leda a gefen titi, a zo a ɗauki hoto. Shikenan. Motar da za ta kwashe ba ta zuwa. Tarin nan zai zauna awaki su baje shi, mashin ya bi ta kai, ruwan sama na farko ya mayar da shi cikin lambatun da aka fito da shi, wata mai zuwa a sake fito da shi. Leda ɗaya sai ta yi shekara tana shiga tana fita, wallahi har ka fara gane ta.

Na san akwai masu cewa ai mu ma ƙazamai ne, gwamnati ce ta zubar da sharar? Na ji, akwai masu halin banza, akwai wanda zai jira a fara ruwa ya juye kwandon shara a lambatu. Amma ku faɗa min inda aka ce mu kai. Ina wurin da aka ware, ina duro, ina ranar da mota ke zuwa? Matar aure tana cikin gida ta ba almajiri shara da ɗan canji, yaro ɗan shekara goma ina zai kai ta in ba filin da ya fi kusa ba? Kuma shi almajirin da ba shi da banɗaki a makarantarsu, in dare ya yi ina yake zagayawa? Bayan bolar nan dai. Ka samar da wuri tukuna, sannan ka hukunta wanda ya ƙi, ba wanda zai ce ka yi zalunci.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mun riga mun ga ƙarshen irin wannan sakaci, ba labari aka ba mu ba. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ya kashe sama da 3,000, kuma a alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, jihar Bauchi ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, sama da dubu 19. Mu ne na ɗaya. Duk wanda ya shiga asibiti a lokacin ya ga mutane kwance ana ƙarin ruwa, ya ga yadda cutar nan ke zuƙe babban mutum cikin awoyi, da safe kun gaisa da yamma ana neman likkafani. Kuma kwalara ba iska ba ce ba jifa ba ce, kashin mai cutar ne ke shiga ruwa ko abincin wani. Masai kusa da rijiya, ƙuda daga bola zuwa tiren awara, hannun da ba a wanke ba. In rani ya shigo kuma ga zazzaɓin Lassa, Bauchi kullum tana cikin jihohin da suka fi fama tare da Ondo da Edo, kuma ɓera ne ke kawo shi, yana fitsari da kashi a kan hatsi da garin da aka shanya. Ɓerayen bolarmu kam sun ƙoshi har ba sa gudun mage.

Sai an fara mutuwa za ka ga motoci farare sun shigo da lasifika, ana raba kilorin da sabulu, ana koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari, ana liƙa fosta mai cewa rigakafi ya fi magani a jikin katangar da bola ta danne. A lokacin mai zai samu, alawus zai samu, oga zai dawo daga taron bita.

Kuma ba wai abin ya fi ƙarfin mutum ba ne. Jigawa maƙwabtanmu ne, a 2022 aka ayyana ta a matsayin jihar farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. A nan cikin Bauchi ma Dass da Warji suna cikin ƙananan hukumomin farko a ƙasar nan da suka samu wannan shaida. Su da wa aka yi aikin? Da masu unguwanni da ma'aikatan ƙaramar hukuma irin waɗannan da namu ke zaune a baranda suna jiran ranar rasit.

Mu ba mu nemi wani abu mai wuya ba. A zo a kwashe bolar nan kafin ruwa ya kankama, a nuna mana inda za mu riƙa zubarwa da ranar da mota za ta riƙa zuwa ko da sau ɗaya a sati ne, a rufe masan can ko a rufe rijiyar a haƙa mana bohol, a ba yaron nan kilorin da babur a ƙyale shi ya yi aikinsa ba tare da wani ya bugo waya ba. Kansilanmu kuma da lokacin zaɓe ya san ƙofar gidan kowa har sunan yaranmu yana kira, yanzu wayarsa kullum a kashe. To mun yanke shawara da dattawa, Juma'ar nan ana sakkowa daga masallaci gidansa za mu nufa da ruwan rijiyar, mu zuba masa a kofi, in ya iya sha a gabanmu mun janye ƙorafi. Duk wanda ke layin nan ya fito, kowa ya zo da jarkarsa.