Yadda lagona ya shiga Wikipedia

Tun da na buɗe asusu a Wikipedia ta Hausa nake jin kaina wani ƙaramin shehi. Aikina bai wuce saka waƙafi da lanƙwasa wa "k" da "d" kai ba, amma in ka ji ni a majalisa sai ka rantse ni na rubuta rabinta. Wata Asabar cikin Agusta, ana ta marka-marka, na ci karo da muƙalar da ta fi ƙarfin waƙafi, a kan abin nan da Bature ke kira vulnerability. Sau uku na karanta ta ban gane inda ta dosa ba. Na gyara zama, na ce yau duniya za ta san ni.

Tun a kan suna na maƙale. Asalin kalmar daga Latin ne, vulnus, wato ciwon sara ko suka, kuma "rauni" namu ya ɗauki ma'ana biyu: wanda aka sara ya ji rauni, tsoho ma mai rauni ne. Sai dai abin da ake nufi yana nan tun kafin a ji ciwon. Ruwa ɗaya ake yi wa gari, gidan siminti da ke tudu ya kwana lafiya, gidan ƙasa da ke bakin kwari ya zauna. Na leƙa ɗakin Inna na kwashe minti goma ina zuba mata bayani, tana ɓare gyaɗa ko kallona ba ta yi.

"Duk wannan dogon turancin a kan lago kake yi?" ta ce. "Kowane ɗan kokawa da nasa."

Na dawo jiki a sanyaye, na rubuta "lago" kamar ni na gano shi.

Daga nan alƙalami ya kama gudu. Na kawo madatsar Alau da ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, bayan an taɓa ganin irin haka a 1994. Na tsallaka fannin kwamfuta na kawo WannaCry, wata muguwar manhaja wadda a Mayun 2017 ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris aka fitar da facin da zai toshe kafar, mutane ne ba su saka ba. Na yi musu faɗa sosai a zuciyata. Har sakin layi guda na ware wa masu sa lambar sirri mai sauƙin canka.

Ita kuwa kwamfutar da nake wannan wa'azi a kanta, batirinta ya mutu shekara biyu ke nan, da waya take rayuwa kamar maras lafiya da ƙarin ruwa. Awa uku ina bugu ban taɓa maɓallin wallafawa ba, wai sai ta gama tsaruwa. Sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Cikin duhun na ji muryar uwargida: "Maigida, ba ka adana ba ko?"

Na ce mata sauro ne ya sa na yi salati.

Da babban yatsa na sake rubuta komai a waya, har ƙarfe ɗayan dare, na wallafa. Da safe aka kawo wuta, na jona wayar a caji na tafi ɗaurin aure. Lambar buɗe ta shekarar haihuwata ce, kuma ban fita daga asusun ba. 'Yata mai shekara tara, wadda ta sha jin ina cewa kowa na iya gyara Wikipedia, ta ɗauki maganar da gaske.

Sai bayan kwana biyu na koma don in more aikina. A ƙarƙashin "Misalai", tsakanin Alau da WannaCry, ga sabon layi, da sunana a tarihin shafi: "Babana yana tsoron allura, ranar da za a yi masa sai da mutum biyu suka riƙe shi." Wani edita mai ladabi ya riga ni zuwa. Bai goge ba, bawan Allah, sai ya liƙa masa 'yar alamar nan ta "ana buƙatar hujja".

Na goge da sauri, duk da na san tarihin shafi ba ya mantuwa. Na kira uwargida na nuna mata, ina jiran ta tsawata wa yarinya. Ta karanta a tsanake, ta girgiza kai.

"Gaskiya ba ta kyauta ba," ta ce. "Mutum uku ne. Ta manta da mai gadi."