Kamfanin wutar gari ya zama na mutanen gari

Tun da farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, masu jari suka farga da ƙananan garuruwan da a da ko kallo ba su ishe su ba. Yanzu duk taron da aka yi kan makamashi, magana ɗaya ake nanatawa: a bar wa manyan kamfanoni harkar, mutanen ƙaramin gari ba za su iya riƙe kamfanin lantarki ba, nasu kawai biyan kuɗin wuta a ƙarshen wata. Wannan magana tana ɓata mini rai matuƙa, domin raini ne tsantsa aka lulluɓe da kalaman masana.

Masu faɗin haka su je su tambayi mutanen Schönau, wani ƙaramin gari a kudancin Jamus mai mutane kimanin 2,500. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, iyaye a garin suka tashi tsaye, cikinsu har da wata malamar makaranta, Ursula Sladek, suka ce su ma suna da ta cewa kan inda wutarsu ke fitowa. Kamfanin da ke riƙe da layukan ya ƙi saurarensu. Sau biyu aka kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, sau biyu suka yi nasara, suka haɗa kuɗi, a 1997 suka karɓi layukan wutar garin. Yau ƙungiyarsu tana sayar da wuta a duk faɗin Jamus. Ba injiniyoyi ne suka soma wannan aiki ba, iyayen yara ne.

Wanda ya fi burge ni ma shi ne tsibirin Eigg na Sukotlan, mai mutane kusan ɗari. A 2008 suka kunna tasu wutar daga ruwa da iska da rana, suka kuma yanka wa kansu ƙa'ida: kowane gida kada ya ja fiye da kilowat 5 a lokaci guda, wurin sana'a kilowat 10. Wanda ya zarce, wutarsa ta ɗauke. Da baƙon kamfani ne ya ɗora musu wannan doka, da an yi ta tsinuwa. Amma da yake su suka zauna suka amince da ita, uwar gida ta san ba za ta kunna injin wanki da butar dafa ruwa da tanda gaba ɗaya ba, kuma ba ta ganin an zalunce ta.

Duk wanda ya taɓa ganin mataccen aikin sola ya san kamanninsa. Farantai sun sha ƙura da kashin tsuntsaye, ɗakin batura a garƙame, allon da ke ɗauke da sunan wanda ya ba da tallafi ne kaɗai bai lalace ba. Farantin yana kai shekara 25 yana aiki, amma batirin dalma bai cika wuce shekara biyar ba, inbata kuma, wato na'urar da ke juya wutar batura ta zama irin wadda kayan gida ke amfani da ita, wajen shekara goma. Ranar da batura suka mutu, idan babu wanda ya riƙa ajiye kuɗin sauya su tun daga watan farko, shi ke nan. Mai tallafi ya ɗauki hotonsa ya tafi, mai jari kuwa idan riba ta ragu, ko ya tsawwala farashi ko ya kwashe kayansa. Wanda kaɗai ba shi da wurin gudu shi ne mai kwana a garin, kuma shi ake cewa bai cancanci mallakar komai ba! Masu cewa a jira gwamnati ta kawo wuta, su lissafa shekarun da aka kwashe ana jiran.

Na san kuɗin jama'a kan haddasa rigima, kuma mai kuɗin gari zai so ya mamaye. Maganinsa tsohon tsarin ƙungiyar gama kai ne: mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan hannun jarinsa. A sa wa kowa mita, har gidan shugaba, a ware asusun batura da ba a taɓawa, a horar da matasa biyu su iya gyara. Mai jari ya shigo da kuɗinsa, ba a hana shi ba, amma a matsayin abokin hulɗa. A 2008 Denmark ta yi wata doka, wadda ta yi aiki har zuwa 2020, da ta wajabta wa masu kafa injinan wutar iska su yi wa maƙwabta tayin aƙalla kashi 20 cikin 100 na hannun jarin. Duk hukumar da ke ba kamfani lasisin shiga ƙaramin gari, wannan ne mafi ƙarancin sharaɗin da ya kamata ta gindaya masa.